Murar Bununi da Tace Iskar Ɗaki

Gabatarwa

Akwai wata irin mura da kan zo wa mutum a lokaci guda kowace shekara, kamar mai karɓar haraji. Takan fara da atishawa a jere, sa'an nan hanci ya riƙa yoyon farin ruwa, idanu su yi ja suna ƙaiƙayi, maƙogwaro da cikin kunne su ma su ɗauka. Ba ta zuwa da zafin jiki, ba a kuma ɗaukarta daga wani, amma takan yi makonni ba ta saki mai ita ba. Turawan Ingila suna kiranta zazzaɓin ingirici, ko da yake babu zazzaɓi a cikinta. Abin da ke tayar da ita shi ne bununi, watau garin nan mai laushi da furen tsiro ke saki domin barbara, saboda haka sunan da ya fi dacewa da ita shi ne murar bununi.

Mutane da yawa suna raina wannan ciwo domin ba ya kwantar da mutum. Amma yana hana barci, wanda bai yi barci ba kuwa ba ya iya tsayar da hankalinsa a aji ko a ofis. Wani bincike da aka yi a Ingila, aka kuma buga shi cikin 2007, ya nuna cewa 'yan makarantar sakandare masu fama da ciwon a lokacin jarrabawa sun fi sauran yiwuwar samun sakamakon da bai kai na jarrabawarsu ta gwaji ba, abin kuwa ya fi tsanani ga masu shan maganin mura mai sa barci. Har ila yau, ciwon yana tafiya tare da asma, gama yawancin masu asma suna da irin wannan larura ta hanci.

Yadda aka gano asalin ciwon

Wani likita a Landan mai suna John Bostock shi ne ya fara bayyana ciwon dalla-dalla cikin 1819, kuma labarin jikinsa ya bayar. Cikin 1828 ya sake rubutu a kan mutum 28 masu irin larurarsa, amma shi a zatonsa zafin rana ne ke jawo ta. Sai cikin 1873 wani likita a Manchesta, Charles Blackley, wanda shi ma mai ciwon ne, ya tabbatar da gaskiyar lamarin. Ya riƙa shaƙar bununin tsire-tsire iri iri, yana kuma karce fatarsa ya shafa shi, yana rubuta abin da ya faru. Ya shafa danƙo a ɓallayen gilashi ya ajiye su a fili, kowace rana ya ƙirga ƙwayoyin da suka manne, sai ya ga ranar da suka yi yawa ita ce ranar da ciwonsa ke tsananta. Ya ma ɗaura irin waɗannan gilasai a jirgin takarda mai zare ya sake shi sama, ya tarar akwai bununi mai yawa can inda ba a zato.

Daga baya aka fahimci abin da ke gudana cikin jiki. Cikin 1906 Clemens von Pirquet na birnin Biyana ya ƙirƙiro kalmar da ake cewa alaji. Tsakanin 1966 da 1967 masu bincike a Amurka da Suwidin suka gano sinadarin garkuwar jiki da ake kira IgE. Jikin mai alaji yakan ɗauki bununi, wanda ba ya cutarwa, a matsayin abokin gaba, sai ya ƙera masa wannan sinadari. Duk sa'ad da bununin ya sake sauka a cikin hanci ko ido, wasu ƙwayoyin jiki sukan saki histamin, shi kuwa ya buɗe ƙananan jijiyoyin jini, ya kumbura fatar cikin hanci, ya sa ƙaiƙayi da atishawa. Ke nan gwargwadon yawan bununin da ya isa hanci, gwargwadon tsananin ciwon. A kan wannan ne dabarar tace iska ta dogara.

Halin bununi cikin iska

Ba kowane fure ne ke da laifi ba. Furanni masu launi da ƙanshi, waɗanda ƙudan zuma ke yi musu barbara, bununinsu yana da nauyi da danƙo, ba ya tashi da nisa. Masu laifi su ne tsire-tsiren da iska ke yi musu barbara, gama tilas su saki bununi mai ɗimbin yawa kafin kaɗan daga ciki ya dace da inda ake bukatarsa. Dangin ciyawa suna kan gaba a nan. A ƙasar Hausa gero da masara, da ciyayi irin su gamba da ƙyasuwa, duk cikin wannan dangi suke, kuma suna fure ne daga tsakiyar damina zuwa kaka. Bayan haka sai hunturu ya biyo da hazonsa, wanda mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa. Hazo ba bununi ba ne, amma yana fusata hancin da ya riga ya kumbura.

Ana auna girman waɗannan ƙwayoyi da maikuron, watau kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Kaurin gashin kan mutum ya kai wajen maikuron 70. Yawancin bununi yana tsakanin maikuron 10 zuwa 100, na ciyawa kuwa wajen 30. Ramin ragar taga ko na gidan sauro ya kai wajen milimita ɗaya ko fiye, saboda haka bununi yana wuce shi kamar yadda akuya ke wuce ƙofar gari.

Girman ƙwaya shi ke nuna daɗewarta cikin iska. Ƙwaya mai maikuron 30 tana faɗuwa wajen santimita 3 cikin daƙiƙa ɗaya, watau a ɗakin da iska ke kwance za ta isa ƙasa cikin mintoci kaɗan. Mai maikuron ɗaya kuwa takan yi sa'o'i masu yawa tana shawagi. Ke nan yawancin bununin da ya shiga ɗaki yana kwance ne a daɓe, da shimfiɗa, da labule, sai an yi tafiya ko an kaɗe gado ko an kunna fanka ya sake tashi.

Bugu da ƙari, idan bununin ciyawa ya jiƙe yakan fashe ya saki ɗaruruwan ɓarɓashi, kowane bai kai maikuron 3 ba. Waɗannan suna iya wuce hanci su isa can cikin huhu. A ranar 21 ga Nuwamba 2016 hadari ya taso a birnin Melbon na Ostiraliya a tsakiyar lokacin furen ciyawa, dubban mutane suka cika asibitoci da sarƙewar numfashi, mutum 10 suka rasu. Da yawa cikin waɗanda abin ya shafa murar bununi kawai suka sani suna da ita, ba a taɓa ce musu suna da asma ba.

Yadda matacin iska ke aiki

Na'urar tace iska ba wani abu ba ce illa fanka da mataci cikin akwati guda. Fanka tana jawo iskar ɗaki ta tura ta cikin matacin, ƙura ta maƙale, iska mai tsabta ta fito. Matacin da aka fi amincewa da shi shi ne wanda ake kira HEPA, wanda aka ƙera cikin shekarun 1940 domin tsare ƙura mai guba a wuraren aikin makamin nukiliya na Amurka. Bisa ƙa'idar Amurka, ba a ba mataci wannan suna sai ya kama aƙalla kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu maikuron 0.3.

Mai tsammanin matacin rariya ce mai ƙananan ramuka ya yi kuskure. Shi dai tabarma ce ta siraran zaruruwa da aka cakuɗa ba bisa tsari ba, aka naɗe ta ninki-ninki domin ta yi faɗi cikin ɗan wuri. Yana kama ƙura ta hanya uku. Manyan ƙwayoyi, saboda nauyinsu, ba sa iya bin iska idan ta karkace don kewaye zare, sai su yi karo da shi. Matsakaita suna bin iskar, amma suna gogar zaren su manne. Ƙanana ƙwarai kuwa ba sa tafiya a miƙe, gama ƙwayoyin iska suna ta bugunsu nan da can, har su faɗa wa wani zare. Waɗanda suka fi wuyar kamu su ne na tsakanin maikuron 0.1 zuwa 0.3, shi ya sa ake gwada matacin a wannan yanki. Bununi da ɓarɓashinsa duk sun fi haka girma, saboda haka duk wanda ya shiga matacin ya kamu.

Matsalar ita ce, sai abin da ya shiga na'urar take iya kamawa. Don haka abin dubawa wajen saye shi ne yawan iska mai tsabta da take fitarwa cikin sa'a guda, adadin da akan rubuta a jikin kwali da haruffan CADR. Alal misali, ɗaki mai tsawon mita 4, faɗi mita 4, bisa mita 3, yana ɗauke da iska kubik mita 48. Idan ana so a tace iskarsa sau 5 cikin sa'a, ana bukatar na'ura mai ba da kubik mita 240. A bisa lissafi, idan ƙofa da taga suna rufe kuma iskar tana gauraya sosai, irin wannan na'ura za ta kawar da kashi 90 cikin 100 na ƙurar da ke shawagi cikin wajen rabin sa'a, kashi 99 kuma cikin wajen sa'a guda. Idan taga tana buɗe lissafin ya rushe, ya zama ɗiban ruwa da kwando. Ya kamata kuma a sani cewa adadin da ke jikin kwali na gudu mafi ƙarfi ne, wanda ƙararsa kan hana barci, saboda haka gara a sayi wadda ta ɗan fi ƙarfin ɗakin a riƙa kunna ta a matsakaicin gudu.

Wurin da ya fi cancanta a ajiye na'urar shi ne ɗakin kwana, inda mutum ke yin sulusin ranarsa. A sa ta kusa da gado, kada a matse ta a lungu ko bayan labule. Masu ƙera ta sukan ce a sake mataci bayan wata 6 zuwa 12, amma hazon hunturu yana toshe shi kafin haka. Ragar gaba mai kama manyan ƙura ana iya goge ta ko wanke ta, ainihin matacin kuwa ruwa yana lalata shi. Wanda kuɗinsa bai kai ba yana iya bin dabarar da Richard Corsi da Jim Rosenthal suka yaɗa a Amurka cikin 2020, watau a haɗa matatai huɗu masu daraja ta MERV 13 su zama akwati, a ɗora fanka mai kusurwa huɗu a bisa, a liƙe gefuna da salatif.

Iyakar amfaninsa

Gwaje-gwaje sun tabbatar na'urar tana rage ƙurar da ke cikin iskar ɗaki ƙwarai, amma sauƙin da masu ciwon ke samu matsakaici ne, kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Dalili a fili yake: mutum yana shaƙar bununi a hanya da kasuwa da filin makaranta, na'urar kuma ba ta taɓa wanda ya kwanta a shimfiɗa. Wanda alajinsa na ƙananan ƙwarin katifa ne ba zai amfana sosai ba, gama abin da ke damunsa yana cikin katifa da matashi, dab da hancinsa. Na'urar sanyaya ɗaki irin ta bango tana taimakawa ta wajen ba da damar rufe taga, amma ragarta manyan ƙura kawai take kamawa.

Akwai gargaɗi biyu masu muhimmanci. Na farko, wasu na'urori da ake tallarsu da sunan tsabtace iska suna fitar da iskar ozon, wadda ke fusata huhu tana tayar da asma. A guje su. Na biyu, matacin HEPA ba ya kama iskar gas. Wanda ya rufe ɗaki ruf ya shigar da kaskon gawayi lokacin sanyi, ko ya kunna janareta a cikin gida, yana cikin hatsarin iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci, na'urar kuwa ba za ta cece shi ba.

Kammalawa

Tace iska yana amfani ne idan an haɗa shi da wasu matakai. A rufe tagogin ɗakin kwana a lokacin furen ciyawa, musamman da sassafe da yamma da ranakun iska mai ƙarfi. A sake tufafi a wanke fuska da kai bayan an dawo daga waje, kada a shanya zanen gado a fili cikin waɗannan makonni. A goge daɓe da tebur da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, a kuma rage hayaƙin turare da na maganin sauro a ɗakin mai ciwon. Haka ma ofisoshi da ɗakunan karatu, ya kamata masu kula da su su sa wankin ragar na'urorin sanyaya ɗaki cikin aikin yau da kullum.

Magani yana nan a matsayinsa. Wanke hanci da ruwan gishiri da aka tafasa ya huce yana fitar da bununin da ya manne. Magungunan hana aikin histamin irin su setirizin da loratadin ba su cika sa barci kamar na da ba, feshin hanci mai sitiroyid kuwa shi ya fi tasiri ga toshewar hanci idan an dinga amfani da shi kullum. Feshin buɗe hanci na gaggawa, idan an wuce 'yan kwanaki ana yinsa, yakan mayar da toshewar ta fi da. Duk wanda murarsa ta fara zuwa da tari cikin dare, ko ƙugin ƙirji, ko ɗaukewar numfashi, lalle ne ya ga likita, domin alamun asma ke nan, ita kuwa ba a jinkiri da ita.