Indomin Mota: Abin Da Ke Ɓoye A Cikin Salansa

Duk mai motar da ya saba zirga-zirga a garejojin Jimeta ya san kalmar "indomi", ba wadda ake dafawa da ƙwai a teburin mai shayi ba, wadda ke cikin salansar mota. Kanikawa ne suka raɗa mata wannan suna saboda ƙananan ramukanta da suka yi kama da curin taliyar. Sau da yawa mutum zai kai motarsa gyara, a ce masa indomin ta toshe, gara a fasa a fitar da ita. Ya yarda, ya biya kuɗin aiki, ya tafi yana godiya, bai san cewa abin da ya bari a ƙasa ya fi kuɗin gyaran tsada nesa ba kusa ba.

Ita indomin da ake gani yumɓu ce da aka gasa, mai ramuka kamar saƙar zuma. Darajarta tana jikin bangon ramukan, inda aka shafa wani gari mai ɗauke da ƙarafa uku: fulatinam, faladiyam da rodiyam. Duka-duka ba su wuce 'yan giram kaɗan ba, amma a watan Maris na 2021 farashin rodiyam ya kusa dala 29,000 a kan oza ɗaya, wato giram 31, ya ninka zinare fiye da sau goma. Mafi yawan fulatinam da rodiyam na duniya daga Afirka ta Kudu ake haƙo su. Wannan tsada ita ce sirrin masu bin garejoji suna sayen fasasshiyar indomi.

Aikin waɗannan ƙarafa shi ne dillanci. Wanda ya taɓa zuwa kasuwar shanu ta Ngurore ya san yadda dillali yake yi: ya kamo hannun mai saye, ya kamo na mai sayarwa, ya haɗa su, ciniki ya faɗa, shi kuma ya juya ya tari wasu. Saniyar ba tasa ba ce, kuma bai ragu da komai ba. Haka hayaƙin injin yake fitowa da guba iri uku: iskar kabon monoksaid mai kisa ba tare da wari ba, ragowar man da bai ƙone ba, da iskar naitirojin oksaid mai ƙona huhu. Da zarar salansa ta yi zafin da ya kai wajen digiri 300, waɗannan iskoki sai su sauka a kan fuskar ƙarfen, ya riƙe su, ya sassauta ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyinsu, ya haɗa su da juna, sannan ya sake su sun zama tururin ruwa, naitirojin da kabon dayoksaid. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Berzelius, shi ya fara ba wannan aiki suna a 1835. Turawa na kiran irin wannan dillali katalis. A Amurka an fara sanya shi a yawancin sababbin motoci tun 1975.

Sai dai dillanci yana da ƙa'ida. Dillalin da ya riƙe hannun mai saye ya ƙi saki, ciniki ɗaya zai yi har kasuwa ta watse. Wanda kuma riƙonsa sako-sako ne, mutane za su suɓuce masa tun kafin a yi taya. Paul Sabatier na Faransa, wanda ya sami kyautar Nobel a 1912, shi ake danganta wa wannan ƙa'ida: katalis nagari shi ne mai riƙo tsaka-tsaki. Zinare ba ya kama komai da ƙarfi, shi ya sa ba ya tsatsa. Baƙin ƙarfe kuwa yana damƙe iskar oksijin ya ƙi saki, sai ya zama tsatsa. Fulatinam da 'yan uwansa suna tsakiya, kuma daga nan amfaninsu ya samo asali.

To me ke sa wani ƙarfe ya yi riƙo da ƙarfi, wani ya yi sako-sako? Amsar tana wajen ilektoron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke kewaye da kowace ƙwayar zarra. Su ne yatsun da ƙarfe yake kama iska da su. A 1995 wasu masana biyu a Danmak, Bjørk Hammer da Jens Nørskov, suka nuna cewa akwai wani rukunin ilektoron da matsayin ƙarfinsu shi ke yanke hukunci: in ya yi sama, riƙo ya yi tsanani, in ya yi ƙasa, riƙo ya yi sauƙi. Abin da ya fi jan hankali shi ne, ana iya matsar da wannan matsayi ba tare da an canza ƙarfen ba.

Hanyar ita ce a shimfiɗa ƙarfe ɗaya a kan wani, shimfiɗa mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak. Ruwan zinaren da ake yi wa 'yan kunne da sarƙa, wanda muke ganin ya kai matuƙa wajen siranta, katifa ne in an gwada shi da wannan. Sai an jera ƙwayoyin fulatinam sama da 200,000 kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya. A irin wannan siranta, ƙarfen sama ba ya zama da halinsa na gado, saboda dalilai biyu.

Na farko shi ne miƙewa da matsuwa. Kowane ƙarfe yana da tazarar da ƙwayoyinsa suka saba zama a kai. In aka ɗora shi a kan wani, dole ya bi sahun na ƙasa. Fulatinam a kan zinare yakan miƙe da kusan kashi 4 cikin 100, sai riƙonsa ya ƙaru. A kan faladiyam kuwa yakan ɗan matsu, sai riƙon ya sassauta. Makaɗin kalangu ya san wannan tun kafin masana: fatar ɗaya ce, amma in ya matse tsarkiya a hammata murya ta hau, in ya saki ta sauka.

Na biyu shi ne maƙwabtaka. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ilektoron na sama da na ƙasa suna cuɗanya, kowane yana shafar ɗan uwansa. A farkon shekarun 1990, José Rodriguez da Wayne Goodman a Amurka suka tattara shaidar cewa faladiyam, wanda aka sani da damƙe kabon monoksaid, in aka shimfiɗa shi layi ɗaya a kan ƙarfen tantalam ko tungistin, sai ya riƙa sakin iskar cikin sauƙi kamar ba shi ba. A 2007 kuma wani bincike ya nuna cewa fatar fulatinam da ke kan gamin fulatinam da nikel ta ninka tsantsar fulatinam sau goma wajen sarrafa oksijin. A wannan shekarar ce Gerhard Ertl na Jamus ya karɓi Nobel kan binciken abin da ke faruwa a fuskar ƙarafa.

Amfanin wannan a fili yake. Tunda ciniki a fuska kaɗai ake yin sa, duk fulatinam ɗin da ke ciki asara ce. A indomin yau an daddatsa ƙarfen ne ya zama ƙananan ƙwayoyi don a sami fuska mai yawa. Burin masu bincike shi ne a wuce nan: a yi cikin da ƙarfe mai araha, a lulluɓe shi da fatar mai tsada, a sami aiki mai kyau da kuɗi kaɗan. Radoslav Adzic da abokan aikinsa a cibiyar Brookhaven ta Amurka sun yi irin wannan da fulatinam a kan faladiyam, domin injinan da ke samar da lantarki daga iskar haidirojin.

Kada wani ya ɗauka wannan zancen masu mota ne kawai. Takin yuriya da manoman rani na Geriyo suke watsa wa shinkafa yana farawa ne daga amoniya, ita kuwa a kan fuskar katalis na baƙin ƙarfe ake haɗa ta, tun daga masana'antar farko da aka buɗe a Jamus a 1913 har zuwa na Indorama da Dangote a yau. Fetur ɗin da ke tuƙa Keke Napep daga Jambutu zuwa cikin Yola ma sai da ya bi ta kan katalis a matata. Ɗaliban kimiyya na Jami'ar Modibbo Adama su sani cewa babban kaso na wannan bincike yanzu a kwamfuta ake lissafa shi kafin a shiga ɗakin gwaji, don haka ƙofar ba a rufe take gare su ba.

Ga mai mota kuwa, gaskiya ne indomi tana iya toshewa, amma akasari wani abu ne ya jawo: fulogi ya mutu, injin yana cin baƙin mai, ko gurɓataccen fetur. In ba a gyara tushen ba, ko sabuwa aka sa haka za ta yi. Motar da aka cire wa indomi tana ƙara ƙara, hayaƙinta yana yin ɗaci, fitilar gargaɗi ta injin takan kama, gubar kuma tana tafiya kai tsaye zuwa hancin yaran da ke talla a bakin titi. Janareton gida ma yawanci ba shi da wannan mataci, shi ya sa ajiye shi a cikin ɗaki ko kusa da taga yake halaka iyali suna barci.

Saboda haka, in za ka sayi motar kwatano, sa wanda ka amince da shi ya duba ko indominta tana nan. In ka kai gyara, tsaya a kan motarka. In kuma ta tabbata ta lalace, karɓi tsohuwar a hannunka, ka nemi a sa maka wata.