Abubuwan ban mamaki a taƙaice: zaɓen fidda gwani na New Hampshire

Jihar New Hampshire da ke arewa maso gabashin Amurka ba ta kai mutum miliyan ɗaya da rabi ba. Wakilan da take turawa babban taron jam'iyya ma ba su taka kara sun karya ba: 22 ta samu a jam'iyyar Republican a 2024, cikin fiye da dubu biyu. Duk da haka, kowace shekara huɗu, masu neman kujerar shugaban ƙasa sai sun je can sun sha sanyi, suna bin gidajen abinci da zaurukan taro suna gaisawa da mutane ɗaya bayan ɗaya. Tun 1920 ita ke buɗe fagen zaɓen fidda gwani, kuma ba ta yarda kowa ya sha gabanta.

Wannan fifiko har cikin doka yake. A 1975 aka fara rubuta shi, kuma dokar a yau ta ce dole zaɓen jihar ya riga na duk wata jiha mai irinsa da aƙalla kwana bakwai. Mutum ɗaya tak ke tsayar da rana, wato sakataren jiha. Bill Gardner ya riƙe wannan kujera daga 1976 zuwa 2022, kuma duk jihar da ta matso da ranarta, sai ya ƙara matsowa da tasu. Iowa takan riga su, amma nata taron 'yan jam'iyya ne, ba zaɓen akwati ba, don haka dokar ba ta hau kanta ba.

A can kusa da iyakar Kanada akwai wani ɗan ƙauye, Dixville Notch, da ke kaɗa ƙuri'a da ƙarfe sha biyun dare tun 1960. Ana taruwa a ɗaki ɗaya, agogo na bugawa kowa ya jefa tasa, a ƙirga nan take, duniya ta ji sakamako kafin sauran jama'ar jihar su farka. A Janairun 2024 masu zaɓen su shida ne, 'yan jaridar da suka je kallo sun ninka su yawa. Su shidan duk Nikki Haley suka zaɓa, da aka kammala zaɓen kuma Donald Trump ya lashe jihar. Neil Tillotson, wanda ya kawo al'adar ƙauyen, shi ke fara jefa ƙuri'a shekara da shekaru, har ya rasu a 2001 yana da shekara 102.

Kuɗin shiga takara dala 1,000 ne. Shi ya sa takardar ƙuri'a take cika maƙil da sunayen da ba a taɓa ji ba. A 2016 mutum 58 ne suka tsaya a jam'iyyun biyu. Cikinsu akwai Vermin Supreme, mai kifa takalmin roba a ka kamar hula, wanda ya yi alkawarin ba kowane Ba'amurke ɗan doki kyauta, kuma shi ya zo na huɗu a jam'iyyar Democrat. Wasu na ganin wannan raini ne ga zaɓe. Ni dai ina ganin ƙofar da ta buɗe masa ita ce ke buɗe wa malamin makaranta ko tsohon soja da ba shi da ubangida.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, a wannan jiha mutum kan ci zaɓe ya kwana cikin baƙin ciki, wani kuma ya faɗi a yi masa kiɗa. A 1968 shugaba mai ci Lyndon Johnson ya samu kusan kashi 49 cikin ɗari, Sanata Eugene McCarthy mai adawa da yaƙin Biyetnam ya samu 42. Johnson ne ya yi nasara, amma ratar ta yi kaɗan ga shugaba mai ci, kuma ran 31 ga Maris ya fito a talabijin ya ce ba zai sake tsayawa ba. Kafin shi, a 1952, Sanata Estes Kefauver ya kayar da shugaba Harry Truman warwas, shi ma Truman ya haƙura da takarar. A 1992 Bill Clinton ya zo na biyu bayan Paul Tsongas, a lokacin da zarge-zarge suka yi masa katutu. Tun kafin a gama ƙirga ya hau dandamali ya yi murna irin ta wanda ya tashi daga faɗuwa, labarin da jaridu suka ɗauka ke nan, kuma a ƙarshen shekarar ya lashe zaɓen shugaban ƙasa.

Edmund Muskie kuwa dusar ƙanƙara ce ta ja masa. A 1972 ya hau bayan wata motar ɗaukar kaya a ƙofar jaridar Union Leader da ke Manchester, yana kare mutuncin matarsa da jaridar ta ci wa fuska. Muryarsa ta karye, fuskarsa ta jiƙe. 'Yan jarida suka rubuta cewa kuka ya yi, shi kuma ya ce ƙanƙara ce ta narke masa a kumatu. Ya ci zaɓen jihar, amma takararsa ba ta ƙara miƙewa ba. Har yau abin yana ba ni takaici, a ce tsayawa kare iyali ya zama laifin da za a auna cancantar mutum da shi.

Ana iya cin zaɓen ma ba tare da suna a takarda ba, domin akwai gurbin da mai zaɓe zai rubuta wanda yake so da hannunsa. A 1964 Henry Cabot Lodge yana jakadan Amurka a Saigon, bai taka jihar don kamfe ba, amma magoya bayansa suka rubuta sunansa har ya doke Barry Goldwater da Nelson Rockefeller.

Wanda bai yi rajista da kowace jam'iyya ba yana iya zuwa rumfa ya karɓi takardar wadda ya ga dama, kuma irin waɗannan su ne kusan huɗu cikin goma na masu zaɓen jihar. Sun taimaka wa John McCain ya kayar da George W. Bush da rata mai yawa a 2000. Bush ɗin ne dai ya shiga fadar White House. Barack Obama ma ya sha kaye a hannun Hillary Clinton a 2008, Joe Biden kuma na biyar ya zo a 2020, amma su ma duk sun shiga fadar.

Masu suka na cewa jihar kusan duk fararen fata ne, ba ta kama da sauran Amurka ba, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. A kan haka jam'iyyar Democrat ta mayar da South Carolina gaba a 2024. New Hampshire ta ce doka ta ɗaure ta, ta yi zaɓenta ran 23 ga Janairu. Biden bai sa sunansa a takarda ba, magoya bayansa suka tsaya ƙofar rumfuna cikin sanyi riƙe da kwalaye suna tuna wa mutane su rubuta shi, kuma ya samu fiye da kashi 60 cikin ɗari.