Yaran Lokeshan: In Sun Ji Ciwo, Wa Zai Biya?

Duk fim ɗin da ya burge 'yan kallo, akwai wasu bayin Allah da gumin su ke ciki amma ko a fosta ba a ganin su. Su ne yaran lokeshan: mai riƙe fitila, mai jan waya, mai tada janareta, mai ɗaukar akwatin kyamara.

A ce furodusa ya kawo aiki birnin Zariya, ya sauke kaya a Ƙofar Galadima don ya samu ganuwa da tsofaffin soraye. Nan take zai ɗebi samarin unguwa, ba takarda ba yarjejeniya, sai ɗan abin da aka damƙa masu in an tashi. Yaron nan shi zai hau katangar ƙasa da wayar wuta a hannu, ba safar hannu ba takalmin roba. In ya faɗo ko wuta ta ja shi, sai a garzaya da shi Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko Shika in abin ya yi tsanani. Kuɗin magani fa? Sai dai karo-karo, in an ci sa'a.

Tafiye-tafiyen sana'ar ma ba su bar kowa ba. Har yau industiri ba ta manta da Ahmad S. Nuhu ba, wanda ya rasu a haɗarin mota a Azare ranar 1 ga Janairu, 2007. A Kudu kuwa, cikin Afrilu 2024, jarumin Nollywood Junior Pope ya nutse a Kogin Neja da kwalekwalen su ya kife, ba rigar ceto a jikin sa. Ma'aikata huɗu sun mutu tare da shi. Sunan jarumin kowa ya sani. Na sauran fa?

Abin takaici, dokar na nan. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da ya ke biya a asusun NSITF, don a biya wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ba ta cire ma'aikacin wucin-gadi ba.

Saura ƙungiyoyi irin su MOPPAN su tsaya tsayin daka: kada a kunna kyamara sai an rubuta sunan kowane yaro da ladan sa, an tanadi akwatin magani, an ware kuɗin asibiti. Furodusan da ya iya biyan jaruma ba zai gagara sayen safar hannu ba.