Baje kolin kimiyya a Abuja: me ke saura bayan an kwashe rumfuna?

A shekarar 2017 ne Ma'aikatar Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, a zamanin minista Ogbonnaya Onu, ta fara shirya baje kolin ƙere-ƙere a dandalin Eagle Square da ke Abuja. Manufar ita ce a fito da aikin masu bincike daga ɗakunan gwaji zuwa bainar jama'a, ko a dace da masu zuba jari.

A irin wannan taro ne manomi kan tsaya gaban injin sarrafa rogo na cibiyar FIIRO ta Legas, ko takin darbejiya na cibiyar NARICT ta Zariya, ya tambayi wanda ya yi aikin baki da baki. Sai dai kwanaki kaɗan ne, kuma yawancin bayanin da Turanci ake yin sa. Ɗalibin da ya zo cikin jerin gwano, aka ce masa ya kalla kada ya taɓa, da wuya ya koma gida da wani abin da ya wuce hoto a waya.

Wannan ne ya sa masanin kimiyya Frank Oppenheimer ya kafa gidan Exploratorium a San Francisco ta Amurka a 1969, inda aka sakar wa baƙo mara ya murɗa, ya ja, ya gwada da hannunsa. Yaron da ya juya mayen ƙarfe cikin naɗaɗɗiyar waya har ƙwai ya kawo wuta, ya fahimci yadda madatsar Kainji ke samar da lantarki fiye da wanda ya haddace darasin.

Abuja tana da abin nunawa. A Lugbe hedikwatar hukumar sararin samaniya ta NASRDA take, wadda aka kafa a 1999, ta kuma mallaki tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 da aka harba daga Rasha a 2003. Hanya mafi sauƙi ta kusanto da irin wannan ilimi ita ce ɗakin kallon taurari, wanda ake haska sararin sama a cikin ƙubbarsa. Bahaushen da ya san Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta ba baƙo ba ne a nan, muddin mai bayani ya kira su da sunayensu. Cikin mintuna kaɗan za a iya nuna masa dalilin da ya sa jinjirin wata kan bayyana a wata ƙasa, a rasa shi a wata a dare guda, batun da kan tayar da muhawara duk ƙaratowar azumi.