Tarwaɗa Ba Ta Isa Shaida Ba: Batun Auna Ruwan Bakalori

Gulbin Sakkwato yana tasowa ne daga wajen Funtuwa, ya ratsa ta Gusau, sannan ya iso Bakalori a ƙasar Maradun, inda kamfanin Impresit na Italiya ya datse shi a aikin da aka kammala a 1978. An tsara tafkin ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, kuma daga nan ne ruwan ke bin magudanai zuwa gonakin Talata Mafara da Bakura. Tun daga wancan lokaci, duk maganar da ake yi a kan wannan ruwa ta yawansa ce da rabonsa: gonakin da ya cinye, diyyar da ta kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilu na 1980, fadamun ƙasan madatsar da ambaliya ta daina kai musu kamar da, sai kuma gyaran magudanai da aka yi da rancen Bankin Duniya a shirin TRIMING. Ingancin ruwan bai samu ko rabin wannan kulawa ba, alhali mutanen Birnin Tudu da Rini da Dakko da maƙwabtansu da gulbin da fadamunsa suke rayuwa. A ganina akwai tambayoyi biyu da ya wajaba a riƙa yi wa wannan ruwa a kai a kai: shin zai cutar da wanda ya sha ko ya shiga, kuma shin abin da ke rayuwa a cikinsa yana cikin ƙoshin lafiya? Kowacce da ma'auninta, kuma amsar ɗaya ba ta wadatar da ɗayar.

Tambaya ta farko ta ƙwayoyin cuta ce. Masu gwajin ruwa ba sa bin kowace cuta ɗaya bayan ɗaya, domin kwalara da taifot da atuni da shawara suna da yawa, kuma neman kowacce aiki ne mai tsada. Abin da suke nema shi ne wata ƙwayar bakteriya mai suna E. coli, wadda likitan Jamus Theodor Escherich ya gano a 1885. Mazauninta hanjin mutum ne da na dabba, kuma yawancin ire-irenta ba su da wata illa. Amfaninta shi ne tona asiri: in an same ta a ruwa, to bayan gida ya shiga ruwan nan ba da jimawa ba, kuma hanyar da ta bi ita ce kwalara za ta bi ranar da mai ɗauke da ita ya tsuguna a bakin rafi. Ana ɗibar mililita 100, wato kashi ɗaya cikin biyar na ledar fiya wata, a tace shi ta wata takarda mai ƙananan ƙofofi, a ɗora takardar a kan abincin ƙwayoyin cikin ɗan faranti, a ajiye a zafin digiri 44 ya kwana. Washegari kowace ƙwaya ta hayayyafa ta zama ɗigo da ido ke iya gani, sai a ƙirga. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ma'aunin ruwan sha na Nijeriya na 2007 ya bi, ita ce kada a sami ko ɗigo ɗaya a ruwan da za a sha. Babu gulbin da ke buɗe, shanu na shiga suna fita, da zai cika wannan sharaɗi, kuma ba a sa ran haka. Abin da ake son sani shi ne ko ɗigon goma ne, ko ɗari, ko dubbai, da kuma a wace gaɓa da wane wata adadin ke tashi.

Wannan batu na wata yana da muhimmanci a ƙasa irin tamu. Duk tsawon rani kashin mutane da na dabbobi yana taruwa a bayan gari, a kwari, a busassun ƙoramu. Ruwan farko mai ƙarfi na damina yana share shi gaba ɗaya ya zuba a gulbi, haɗe da abin da kwatocin Gusau suka kwaso tun daga sama. Binciken ruwa da tsaftar muhalli na WASHNORM na 2021 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya kimanin miliyan 48 suna bahaya a fili. A wannan shekarar ce hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta lissafa sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Zamfara na cikin jihohi huɗu da abin ya fi tsanani, tare da Bauchi da Jigawa da Kano. Wanda ya ɗebi ruwa sau ɗaya a watan Janairu, lokacin da gulbi ya kwanta ya yi garau, ya rubuta rahoto, bai faɗa mana komai ba game da Yuli da Agusta.

Za a ce ai ruwa mai gudu ba ya riƙe ƙazanta, kuma a fiƙihunmu ruwa yana nan da tsarkinsa matuƙar launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba. Wannan hukunci ne na ibada, yana amsa tambayar ko alwala ta inganta, kuma gwajin ruwa bai zo ya yi jayayya da shi ba. Malaman da suka bayyana shi su ne kuma suka hana biyan buƙata a mashaya da inuwar da mutane ke zama. Gudun ruwa da hasken rana suna rage ƙwayoyin cuta da gaske, amma ragewa ce mai buƙatar nisa da lokaci, kuma a inda ƙauye ke bin ƙauye a gaɓa ɗaya, kafin gulbi ya wanke na wancan ya karɓi na wannan. Za a kuma ce kakanni sun sha sun rayu. Waɗanda suka rayu su muke gani. Yaran da zawo ya ɗauke kafin yaye ba su bar mana labari ba. Kuma ido ya riga ya yaudare mu sau ɗaya a wannan jiha ta Zamfara: a 2010, ƙurar dalma da ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ba wanda ya ga alamarta a tsakar gida sai da aka auna.

Tambaya ta biyu ita ce aka fi sakaci da ita, kuma a nan ne hujjar da aka fi ji ke fitowa: ai ga kifi nan ana kamawa. Sai a tambaya, wane kifi? Kifi yana shaƙar iskar oksijin da ta narke a cikin ruwa, kuma ruwa mai sanyi ya fi riƙe ta. A digiri 10 lita ɗaya tana iya riƙe kusan miligiram 11, a digiri 30 kuwa bai kai 8 ba. Ke nan gulbinmu a bazara yana fara yini da ɗan guzuri, tun kafin a zuba masa komai. In kashi da takin zamani daga gonakin shinkafa suka shiga, gansakuka takan yi yawa. Da rana tana fitar da iska, da dare tana zuƙe ta, in ta mutu kuma bakteriyar da ke ruɓar da ita ta ƙarasa sauran. Shi ya sa kifi ya fi tasowa yana haki da asuba, kuma ma'aikacin da ya zo da na'urarsa da azahar zai koma da adadi mai daɗin ji. Yawancin kifaye suna fara shan wuya in iskar ta yi ƙasa da miligiram 5. Tarwaɗa kuwa tana da wata gaɓa a kanta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye daga sama, gaiwa ma huhu gare ta, har takan binne kanta a laka ta jira damina. Waɗannan za su rayu a ruwan da giwan ruwa da tsage suka daɗe da gudu. Kwando cike da tarwaɗa yana iya zama alamar ruwa ya lalace har ya bar mata fili ita kaɗai. Abin dubawa shi ne yawan ire-iren kifin da ke shiga koma da girmansu, kuma wannan ilimi yana bakin Sarkawa da sauran masunta. Tsohon masunci zai lissafa maka kifin da ya saba kamawa kafin madatsa da wanda ya daina gani, kuma ɗan binciken nan na Ingila, W. M. Adams, ya rubuta tun a shekarun 1980 yadda su ya ja baya a ƙasan Bakalori.

Akwai shaidun da suka fi kifi riƙon amana, domin ba sa iya ƙaura. Ɗaga dutse ɗaya daga inda ruwa ke gudu ka juya shi. In ka ga ƙananan halittu iri-iri suna rarrafe, wasu masu jela uku siraran gaske, wasu sun gina wa kansu ɗan gida da tsakuwa, ga kuma 'ya'yan mazari, to ruwan yana da iska kuma ba a daɗe da zuba masa guba ba. In ba komai sai jajayen tsutsotsi a cikin baƙar laka mai wari, da matsattsaku, to labarin ya sha bamban. Kwalbar gwaji tana ba da labarin sa'ar da aka ɗebe ta, waɗannan kuwa suna ba da na makonni da watanni, har da daren da wani ya wanke tankin feshi a rafi. Gaskiya ne cewa an fara tsara wannan hanya ce don ƙoramu masu sanyi na Turai da Amurka, kuma jerin makin da suke ba kowace halitta ba zai zauna daidai a ruwan Zamfara ba. Amma Afirka ta Kudu ta gyara nata mai suna SASS, har ta fitar da sauƙaƙƙe da 'yan makaranta ke yi da rariya da farin faranti. Aikin jami'o'inmu ne su daidaita shi da halittun gulbinmu. Kuma mai juya dutse a magudanan ban ruwa zai riƙa cin karo da ƙananan dodon koɗi, waɗanda wasunsu ke ɗauke da tsargiya. Ruwa zai iya cin gwajin E. coli, yaron da ke iyo a ciki kuma yana fitsarin jini, domin wannan cuta ta fata take shiga.

Hujja mafi nauyi ta masu ganin awon ba zai yiwu ba ita ce ta tsaro da kuɗi. Wa zai je ɗibar ruwa a dajin Maradun, inda manomi ke fargabar zuwa gonarsa? Kuma samfurin ruwa yana son ƙanƙara da isa ɗakin gwaji cikin kamar sa'a shida, ga wuta ba tabbas. Ba na raina wannan. Sai dai rashin tsaron ne ya cunkushe 'yan gudun hijira a Talata Mafara da sauran garuruwa, mutane suka yi yawa, masai ya yi kaɗan, haɗarin ya ƙaru. Wuraren da suka fi buƙatar awo su ne mashayun bakin gari, kuma su ne mafi sauƙin isa. Ba a buƙatar gaɓa hamsin. Bakin madatsa, babbar magudana, inda ruwan gonaki ke komawa gulbi, da mashaya biyu ko uku a Bakura sun isa a fara, muddin wuri ɗaya ake komawa kowane wata, a ƙara zuwa bayan ruwan farko. Akwai ma gwaji mai araha da aka ƙirƙiro a Indiya a 1982: 'yar kwalba ce mai takarda a ciki, a zuba ruwa a rufe, in ya yi baƙi cikin kwana ɗaya ko biyu an san da matsala. Ba ya ba da adadi, amma ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye zai iya yin sa ba wuta ba inji.

Masu aikin ma suna kusa. Kwalejin Abdu Gusau tana Talata Mafara, kwalejin aikin gona tana Bakura, ga Jami'ar Tarayya a Gusau da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma kowace shekara ɗalibai na neman abin da za su yi bincike a kai. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, mai kula da madatsar, ita ta fi cancanta ta riƙe littafin sakamakon awo, ta yadda awon bana zai hau kan na bara. Sakamakon kuwa a rubuta shi da Hausa a liƙa a asibiti da ƙofar hakimi, a karanta a rediyo, a miƙa wa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da Sarkin Ruwa. Gwajin E. coli ba ya bambanta kashin mutum da na saniya, don haka in adadi ya tashi a wata mashaya, mutanen wurin ne za su san ko masai ne ya tsiyaya ko garke ne ya sauka, su yanke shawarar raba mashayar dabbobi da ta mutane, ko sa sinadarin kulorin a randa har damina ta ja baya.