Tsinken Attajiri da Guntun Lebura

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani ɗan tsinken ƙarfe, wani lokaci mai kan azurfa, da masu shan naɗaɗɗiyar taba irin ta Kyuba ke saya da tsada. Aikinsa ɗaya ne: idan tabar ta cinye har wuta ta kusa taɓa yatsa, sai a soke guntun da shi a ci gaba da zuƙa. Wasu kuma ɗan hantsaki suke amfani da shi. Mutumin Kano zai yi mamakin wannan, amma ya leƙa bakin ƙofar masana'antun Bompai ko Sharada, ko majemun fatu na Challawa, lokacin hutun rana. Ma'aikaci ya sayi karan sigari ɗaya wurin mai tebur, ya sha rabi, ya kashe, ya maƙale sauran a bayan kunne sai an tashi. Kakanninmu ma da lofe suka kare yatsunsu. Buƙatar ɗaya ce, kada a yi asarar ko ƙiris.

To amma wannan ƙiris ɗin shi ne mafi muni a karan gaba ɗaya. Duk hayaƙin da aka zuƙa tun farko ta cikin gindin yake bi, yana barin nikotin da baƙin danƙon nan mai kama da kwalta a jikin ganyen. Idan wuta ta iso wurin, abin da ya taru ne ke ƙonewa ya shige baki da zafinsa, shi ya sa zuƙar ƙarshe ta fi ta farko ɗaci da dafi. Zafin da yatsa ke ji shi ke sa mutum ya yar. Tsinke ya ceci yatsa, ya bar leɓe da harshe da maƙogwaro a hannun hayaƙi.

Za a ce ai mai tabar Kyuba ba ya haɗiye hayaƙi, a baki yake juya shi ya fesar. Gaskiya ne, sai dai nikotin ɗin irin wannan taba ta fatar baki yake shiga jini, kuma sankarar baki da ta maƙogwaro ba sa jiran huhu. Babbar tabar Kyuba guda ɗaya kan ƙunshi ganyen da ya kai na kwalin sigari cur. Hujjar lebura ta fi nauyi, don da guminsa ya sayi karan, yar da rabi kuwa a wurinsa almubazzaranci ne. Ba a raina wannan lissafi ba, amma kuɗin sun riga sun shiga aljihun mai tebur, guntun ba zai dawo da ko kwabo ba. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta ce sai dai kwali. Har yau a Sharada da Bompai kara-kara ake sayarwa, kuma wanda ya fi dogara da hakan shi ne wanda albashinsa ba zai ɗauki kuɗin asibiti ba.