Lambar Sirri Ba Goro Ba Ce Da Ake Rabawa A Tasha

Wanda ya hau mota daga Gude ya bi titin Gwarzo, ya wuce Janguza da sabon mazaunin Jami'ar Bayero har ya sauka a Kabuga, ya san Kanon yau ba ta shekara goma baya ba ce. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa ba ya jiran a ƙirgo masa kuɗi, lambar asusu yake miƙowa ya ce a tura. Mai mitar KEDCO a waya yake sayen wuta, ya danna lambobi 20 ta kawo. Ɗalibin da zai rubuta JAMB, tun 2021 ba ya samun rajista sai da lambar NIN. Birni ya kwashe hidimominsa ya zuba a na'ura, kuma ƙofar shiga ɗaya ce, wato layin waya.

Wannan ƙofa ce mutanen karkara suke bari a buɗe, su tafi gona.

A je wurin mai POS ranar kasuwa a ga abin takaici. Dattijo ya sayar da buhun masara biyar, an turo masa kuɗi, ya zo cira. Sai ya miƙa kati, yaro ya ce, "Baba, sa lambarka." Baba ya ce, "Kai dai danna, ɗana, idona ba ya gani," sannan ya karanto lambobi huɗun nan da ƙarfi kamar mai shela, mutum goma na tsaye a bayansa. Wani kuma ya rubuta lambar a takarda ya naɗe tare da katin a aljihu ɗaya, don kada ya manta. Matan aure na aiken yara 'yan firamare da kati da lamba. In kuɗi suka yi ɓatan dabo, sai a ce banki ne ya cinye, ko a ce ƙaddara ce. Wace irin ƙaddara? Ai wanda ya rataye mukullin rumbunsa a bakin hanya bai isa ya zargi gara ba.

Gaskiya ne da yawa ba da son ransu suka shiga harkar ba. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 da ya biyo bayan sauya fasalin Naira shi ya tura su buɗe asusu cikin gaggawa, ba wanda ya zaunar da su ya koya musu. To amma an jima da wuce lokacin uzuri.

Ga yadda abin yake ɗaure. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN a 2014, lamba 11 da ke haɗe dukan asusun mutum. A Disambar 2020 gwamnati ta umarci a haɗa kowane layi da NIN. Saƙon shigar kuɗi, da lambar tabbatarwa da banki ke turowa, duk ta layin suke zuwa. Shi ya sa masu ƙwacen waya a Kano ba wayar kaɗai suke hari ba. Ko 'yar rakani-kashi ce, in layin cikinta na haɗe da asusu, ta fi musu babbar waya amfani, domin da shi ake kwashe kuɗi, a wasu lokutan har a ci bashi da sunan mai shi.

Akwai kuma masu kira da murya mai taushi, su ce daga banki suke, ko sunan mutum ya fito a tallafi, ya karanto lambar da aka turo masa yanzu. Babu bankin da ke tambayar wannan lamba ta waya. A kashe kiran kawai.

Gyaran ba ya cin ko sisi. Mutum ya danna lambarsa da hannunsa, ya kare da ɗaya hannun. In ido ya yi rauni, ya zo da ɗansa na cikinsa, ba yaron da ya gani a tasha ba. Kada shekarar haihuwa ta zama lambar sirri. A sa wa layin kansa makulli, kowace waya tana da wurin yin haka. Kada a sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani. In waya ta ɓata, a rufe layi da asusu a ranar, ba sai an gama cigiya a masallaci ba.

Sai masu tafiya ci-rani da ke jefar da tsohon layi su sayi sabo. Kamfanonin waya na sayar wa wani layin da ya yi watanni ba a amfani da shi, saƙonnin banki kuwa su ci gaba da zuwa hannun baƙon da ya saya. Wanda ya sauya layi ya je banki da kansa, da katin shaidarsa, a cire tsohuwar lambar daga asusu da kuma BVN.